Magarya Da Tsutsar Da Ke Cikinta

Da hunturu ya kama, ba kasuwar da za a shiga a Sakkwato ba a ga magarya ba. Tun daga Tsohuwar Kasuwa har Babbar Kasuwa, ga ta nan cikin kwanoni da ƙorai, mata da yara sun kawo daga ƙauyukan Kware da Wamakko da Gwadabawa. In aka tambayi mai ita wa ya shuka itacen, dariya za ta yi, gama ba wanda ya shuka. A daji ta tsinto, ko a gefen gonar wani. Shi kuwa mai gonar, da bazara ta zo sai ya sa gatari ya sassabe ta, ya tara ya cinna wuta, wai ƙaya ce kawai. Mai saye kuma in ya ciza ya tarar da tsutsa, sai ya tofar, ya ce ai haka Allah ya yi magarya. To, ba haka ba ne. Tsutsar nan shiga ta yi, tana da uwa, tana da lokaci, akwai kuwa hanyar tare ta da fartanya da kwando, ba sai an kashe ko kwabo ba.

A ƙasar Ingila akwai wata itaciya mai ƙaya, mai jajayen 'ya'ya ƙanana kamar na magarya. Suna ce mata hawthorn, ma'anar sunan kuwa ƙayar shinge. Da ma itaciyar daji ce. Amma sa'ad da aka shiga rarraba filayen ƙauyuka ana killace su, tsakanin 1750 da 1850, da ita aka yi yawancin shingayen gonaki, har an ƙiyasta tsawon shingen da aka dasa a shekarun nan ya kai mil 200,000. Mutanen Sin kuma suka bi ta wata hanya. Suka riƙa zaɓen irin da 'ya'yansa suka fi girma suna dasawa a lambu, yau ga shi suna jera 'ya'yan a tsinke, su tsoma cikin narkakken sukari, su sayar a titi lokacin sanyi. Ƙayar shinge ba ta yi a ƙasar Sakkwato, don tana son sanyi mai tsanani. Ba ta kuma haɗa dangi da magarya ba, ita dangin tuffa ce. Amma duk aikin da take yi wa Bature da mutumin Sin, na shinge da na marmari da na magani, magarya tana iya yi wa Basakkwace, har da ƙari, domin awaki suna cin ganyenta, ƙudan zuma kuma yana bin furenta.

Ya kamata a rarrabe su tukuna, don su uku ne 'yan ɗaki ɗaya. Akwai magarya, wadda masana ke kira Ziziphus mauritiana. Ana gane ta da ganye: samansa kore ne mai sheƙi, ƙarƙashinsa fari-fari mai laushin gashi. Akwai kurna, ta fi girma da inuwa, ganyenta ba shi da wannan gashi sosai. Sa'an nan akwai magaryar kura, wadda 'ya'yanta ba su da daɗin ci. Dukansu ƙayarsu bibbiyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, ita ce mai kama riga. Saiwarsu tana nitsewa ƙasa ƙwarai. Shi ya sa ruwan Sakkwato, wanda ba ya wuce inci 25 zuwa 28 a yawancin shekaru, kuma duk a wata huɗu yake zuba, ya ishe su. A farin 1973 da na 1984, da gero ya ƙone a tsaye, mutanen karkara da yawa a arewa da ƙasar Nijar sun dogara ga 'ya'yan itatuwan daji, magarya kuwa tana cikinsu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin Da Ke Cikin Ɗan Magarya

Zaƙin da ake ji sukari ne, ɗan tsamin kuma irin na lemo ne da tuffa. Amma babban abin da ke ciki shi ne wanda harshe ba ya ji, watau bitamin C. Jikin mutum ba ya iya yin wannan da kansa, ba ya kuma ajiye shi da yawa, tilas sai an ci a abinci. In ya yi ƙaranci, dasashi yakan kumbura yana jini, miki ya ƙi warkewa, jiki ya mutu. Cutar nan ta kashe matuƙan jiragen ruwa na Turawa ba iyaka, har wani likita, James Lind, ya gwada ba waɗansu marasa lafiya lemo a 1747 suka miƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar wajen miligiram 45 kowace rana. Giram 100 na lemon zaƙi yana da wajen 50. Ɗanyar magarya irin ta lambun Indiya kuwa, an auna an sami daga 70 har zuwa 165 a giram 100. Akawu ya buga lissafi ya gani: 'ya'ya biyar ko shida na babbar magarya sun biya bukatar yini. Ta daji ba ɗaya take ba, wata itaciya ta fi wata nesa, amma ita ma ba abin rainawa ba ce.

Akwai wani amfani kuma da ba kowa ya sani ba. Gero da dawa da wake suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma hanji ba ya iya tsotse shi da kyau sai in ya haɗu da bitamin C. Saboda haka yaron da ya sha fura ya bi da ɗanyar magarya ya fi cin moriyar furar. Ga shi kuwa tana nuna ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ganyen damina ya ƙare, mangwaro bai zo ba.

Sai dai fa a lura, zafi da iska da daɗewa suna kashe bitamin C. Busasshiyar magaryar da ta yi wata uku a buhu ta rasa yawancinsa, abin da ya rage sukari ne da ɗan ƙarfe da sinadarin ƙashi. Haka tuwon magarya, wanda waɗansu ke kira akuri, da ake yi da dakakken garinta. Guzuri ne mai kyau, yana riƙe ciki, ba ya lalacewa da wuri, amma ba a madadin ɗanya yake ba.

Ganyen kuwa, kowa ya san in an daka shi an kaɗa cikin ruwa yakan yi kumfa. Abin da ke kawo kumfar nan wani sinadari ne da ake kira saponin, aikinsa ɗaya da sabulu, yana ɗauke maiƙo da dauɗa daga fata. Wankan gawa da ruwa da magarya ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya, sa'ad da aka wanke 'yar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Itacen da Larabawa ke ce wa sidir a ƙasarsu ya fi kusa da kurna, amma malaman ƙasar Hausa da magarya suka fassara shi, har aka sami Magaryar Tuƙewa. Kumfar dai duka biyu suna yi. 'Yan kasuwa kuma su ji wannan: zuman da ake samu daga furen sidir a Halaramautu ta ƙasar Yaman yana cikin mafi tsada a duniya, alhali ga kurna nan birjik a ƙasar Sakkwato, ba safai ake rataya mata amya ba.

Magani Da Iyakarsa

Ɓawon magarya da saiwarta suna da bauri. Baurin nan na tanin ne, shi ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuya da ita. Yadda yake ɗaure fata, haka yake ɗan ɗaure hanji da bakin miki, shi ya sa tun kaka da kakanni ake jiƙa ɓawon a sha don zawo, a daka ganyen a ɗaura a maruru. Wannan ba camfi ba ne, yana da dalili. Amma akwai iyaka. Abin da ke kashe jariri mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, ba kuwa jiƙon da ke mayar da shi. Abin da ke mayar da shi ruwan gishiri da sukari ne: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sa'an nan a garzaya asibiti. Saiwar kuma tana da waɗansu sinadarai masu ƙarfi, ba a san ma'auninsu cikin jiƙo ba, don haka mai ciki da ƙaramin yaro su bar ta.

Labarin ƙayar shinge ya isa misali a nan. Turawa sun daɗe suna cewa ganyenta da furenta maganin zuciya ne, a Jamus har ƙwaya ake yi da su. An kuwa sami sinadarai a ciki masu ɗan buɗe jijiyoyin jini. To, sai likitoci suka ce a gwada a gani. Suka tara mutum 2,681 masu raunin zuciya a ƙasashen Turai, kowa yana shan maganinsa na asibiti, aka ƙara wa rabi ƙwayar ƙayar shinge, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba kome ciki, aka bi su har shekara biyu. Da aka buga sakamako a 2008, bambancin da aka gani bai kai a kafa hujja da shi ba. Ba ta cuci kowa ba, amma ba ta yi abin da ake zato ba. In haka ta faru ga itaciyar da aka yi wa wannan babban gwaji, to, mai cewa magarya tana warkar da ciwon sukari ko hawan jini sai ya yi a hankali. An ba ɓeraye ruwan ganyenta a ɗakunan bincike an ga sukarinsu ya ragu, gaskiya ne. Amma ɓera dabam, magidanci dabam. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi ya koma ga jiƙo, mai ciwon sukari kuma ya tuna busasshiyar magarya sukari ce tsababa.

Auren Magarya

Yadda mutanen Sin suka yi da ƙayar shinge, haka mutanen Indiya suka yi da magarya. Suna da iri masu suna Gola da Seb da Umran, ɗa guda ya ninka na daji sau goma ko fiye, kamar ƙaramin ƙwan kaza, ga ƙurus-ƙurus a baki. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa su a ƙasar Nijar bayan shekarar 2001, ƙarƙashin wani masani, Dov Pasternak, aka sa musu suna Pomme du Sahel, watau tuffar Sahel. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni ta Illela ba nisa, ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, abin da ya yi can zai yi nan.

Ba a shuka ƙwallon babbar magarya a sami irinta, sai ta hanyar aure, kamar mangwaro. Gindin na magaryar gida ne, mai jure fari, kan kuma na baƙuwa. Manomin da ke da magarya a gona ya riga ya sami rabin aiki. Sai ya datse ta kusa da ƙasa da bazara, in ta yi sabon toho kaurin fensir ya zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a tsaga ɓawon, a saka idon baƙuwar, a ɗaure da leda. In ya kama, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu ake fara cin 'ya'ya. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi nan da nan, im ba haka ba ta gida za ta rinjayi baƙuwa, a koma gidan jiya. Wanda zai fara daga iri kuwa, ya fasa ƙwallon a hankali ya fid da ƙwayar ciki, gama haka ta fi saurin tsira. Tazara ƙafa 18 zuwa 20 in don 'ya'ya ne. In don shinge ne, a matse su, ƙafa ɗaya da rabi, layi biyu. Masu lambun albasa da rogo a fadamar Rima da ke saro ƙaya kowace shekara, gara ta ci rabi, masu neman itacen wuta su kwashe rabi, su ne suka fi kowa bukatar shinge mai rai.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a sabon reshe magarya ke yin fure. Tilas a yi mata aski kowace shekara, wajen Afrilu ko Mayu, bayan an gama tsinka, kafin ruwa ya sauka. Ganyen a ba awaki, ƙayar a toshe kafar shinge.

Uwar Tsutsa

Yanzu sai maganar da ta fi duka. Uwar tsutsar magarya wani ɗan ƙuda ne, bai kai ƙudan gida ba, rawaya-rawaya, da ɗige-ɗigen baƙi a baya da zane a fiffike. Masana suna kiran danginsa Carpomya. Macen tana da tsinke a gindi. Sa'ad da ɗan magarya ya fara ƙosawa sai ta huda fatarsa, ta saka ƙwai a ciki, ta tashi ta nemi wani. Hudar ƙarama ce ƙwarai, sai wanda ya duba da kyau zai ga ɗan tabo ko ɗan lotsawa. Cikin kwana biyu zuwa biyar ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi ta cin naman kewaye da ƙwallo, tana barin kashinta, shi ne jan garin nan mai ɗaci da ake tararwa. Ɗan ya nuna ba lokacinsa ba, ya faɗi. Bayan mako ɗaya zuwa uku tsutsar ta ƙoshi, ta fito, ta nitse cikin ƙasa inci biyu ko uku a gindin itacen, ta ƙulle kanta cikin wani ɗan kwanso kamar ƙwayar alkama. Waɗansu sukan fito ƙudaje bayan mako biyu, su sake bin 'ya'yan da suka rage. Waɗansu kuwa sukan kwanta nan har baɗi. A Indiya an ga shekarar da ƙudan nan ya ɓata har kashi 80 cikin 100 na amfanin lambu.

Duk wanda ya fahimci wannan ya ga inda lagonsa yake. Sa'ad da yake sama yana tashi, ba a iya kama shi. Sa'ad da yake cikin ɗa a kan itace, feshi ba ya isa gare shi sosai, ga kuma hatsari, don magarya abu ne da yara ke tsinka su jefa a baki ba wanki. Amma akwai lokaci biyu da yake kwance ba ya iya gudu: cikin ɗan da ya faɗi, da cikin ƙasa. Saboda haka daga ranar da 'ya'ya suka fara zuba, a riƙa tsince su kowane kwana biyu ko uku, kada a bari su kwana huɗu. Waɗanda suka ɓaci a ba awaki su cinye, ko a haƙa rami mai zurfin kamu guda a binne a take, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a bar ta a rana kwana biyu, zafi ya dafa su. Zubar da su a bayan shinge daidai yake da kiwon ƙudan. Sa'an nan da bazara, lokacin askin nan, a kafce gindin itacen iyakar inda inuwarsa ta kai. Kwanson da aka tono, ranar Afrilu ta Sakkwato ba ta barinsa da rai, abin da ya tsira kuma kaji da zabi da tururuwa su gama da shi. Tsinka da wuri ma yana taimako, da ɗa ya juya daga kore zuwa rawaya, ba sai ya yi ja a sama ba. Waɗansu kuma suna fesa jiƙon dakakkun 'ya'yan dogon yaro tun 'ya'ya suna ƙanana, don ya rage wa macen sha'awar sauka, amma wannan ƙari ne, ba ya ɗauke wa mutum tsinta.

Sauran abokan gaba ba su kai wannan ba. Akwai wata farar hoda mai kama ganye da ƙananan 'ya'ya in raɓa ta yi yawa, ta fi damun mai aure, askin da ke buɗe itace iska ta ratsa yana rage ta. Akwai kauci, a sare reshen da ya hau tun bai yaɗu ba. Fara da gara sukan taɓa ƙananan dashe. Akuya kuwa, ita ce sarkin ɓarna a shekarar fari, dashen da ba a kewaye ba nata ne. Wadda aka shanya don ajiya, a shanya a tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba, ta bushe har ta yi ƙara in an girgiza, kana a zuba a tukunya ko garwa mai murfi. Kada ko kusa a zuba mata maganin ƙwari irin na feshi.

Saura magana guda, daga ƙayar shinge kuma ta fito. A Amurka akwai wani ƙuda ɗan'uwan wannan, wanda tun asali a 'ya'yan ƙayar shinge ta daji yake rayuwa. Da Turawa suka kai tuffa suka dasa, wajen 1860 aka fara ganinsa ya tsallaka cikin lambunan tuffa a jihar New York, har yau kuwa suna fama da shi. To, manomin da ya yi wa magaryarsa aure ya san ya ɗora wa ƙudan daji babban akushi ne, gama ɗan ya fi girma, fatarsa ta fi laushi. In ya share gindin tasa ƙal, amma ga magaryar daji da kurna a gonar maƙwabci ba mai tsinta, daga can za su riƙa zuwa. Shi ya sa aikin nan ya fi kyau a yi shi unguwa guda. Tun da manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani a 1983, watau barin kututture ya yi toho a gyara shi maimakon a ƙone, magarya ta yawaita a gonaki, shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa da ya haɗa da jihar Sakkwato shi ma ƙara ta zai yi. Mai unguwa da malamin gona suna iya sa rana biyu a mako daga tsakiyar Oktoba, yara su fita da kwanduna, a kewaye duk magarya da kurnar da ke cikin gonakin gari, da mai aure da marar aure, har a gama tsinka a Janairu. Kaftun gindi kuma a sa shi cikin Afrilu, kafin hannu ya koma ga sharar gona.